Kyamara Maras Madubi ko 'Yar Aljihu: Wacce Za Mu Saya?



An nemi mu yi magana yau a kan wata tambaya wadda ta yawaita a tsakaninmu, musamman a bakin masu kula da mujallar ƙungiya da kuma waɗanda suka fara karɓar albashi, watau idan mutum ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya mallaki kyamara, wacce ta fi dacewa da shi, babbar nan maras madubi wadda ake sauya mata gilashi, ko kuwa ƙaramar nan da ake jefawa a aljihu? Wani zai ga kamar maganar ba ta kai a tara jama'a dominta ba. Amma kuɗin da ake zubawa a wannan ciniki yakan kai abin da ɗalibi zai ci a zango guda, ko albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci, kuma wanda ya yi kuskure a nan ba ya samun damar gyarawa da wuri. Sabili da haka ya kamata mu san abin da muke saye tun kafin mu miƙa kuɗi.

Bari mu fara da sunan, domin mutane da yawa suna jin "maras madubi" ba su san wane madubi ake nufi ba. Manyan kyamarorin da muka saba gani a wuyan masu ɗaukar hoto a wurin biki suna da ɗan madubi a ciki, a jingine. Haske yakan shigo ta gilashin gaba, ya bugi madubin, madubin ya tura shi sama zuwa kafar da mai hoto yake leƙawa. Da an danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, hasken ya wuce ya faɗa kan fim, ko kuwa, a zamanin yau, kan wani ɗan faranti mai karɓar haske wanda masu sana'a ke kira sensa. To, a shekarar 2008 kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya fito da kyamara mai suna Lumix G1, wadda aka cire mata wannan madubi ɗungum. A cikinta haske yana faɗawa kan sensa kai tsaye, ita kuwa sensar ta nuna wa mai hoto abin da take gani a ɗan sikirin. Da aka cire madubi da ɗakinsa sai jikin kyamara ya ragu, nauyi ya ragu, alhali kuwa ana iya cire gilashi a sa wani kamar da. Kamfanin Sony ya bi sawu a 2010, kana a 2013 ya fito da A7 mai babbar sensa, sa'an nan a 2018 Canon da Nikon suka shigo da nasu manya. Ita kuwa 'yar aljihu, ita ma ba ta da madubi, amma gilashinta a liƙe yake da jikinta, ba ya fita. Bambancin asali ke nan: ɗaya ana sauya mata ido, ɗaya kuwa da idon da aka ƙera ta da shi za ta tsufa.

Abu na biyu da ya wajaba mu gane shi ne girman sensa, domin a nan ne mai kanti ya fi ruɗa mai saye. Zai nuna mana yawan megafiksel da aka rubuta a jikin kwali, ya yi shiru a kan faɗin farantin da zai karɓi hasken. Ga yadda lissafin yake. Sensa mafi girma da aka saba gani tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, daidai da tsohon fim. Mai bi mata, wadda ake kira APS-C, tana da kimanin 23.5 da 15.6. Wadda ake kira mai inci ɗaya tana da 13.2 da 8.8. Ta cikin 'yan aljihu masu araha kuwa ba ta wuce kimanin 6 da 4.5 ba. Idan muka auna fili, babbar ta ninka ƙaramar nan sau talatin. Wanda ya tara ruwan sama da baho da wanda ya tara da moɗa, kowa ya san wanda zai sha ya yi wanki. Haka haske yake. Da rana tsaka a filin wasa bambancin ba ya fitowa sosai, amma a babban ɗakin taro da dare, inda fitilu ba su da ƙarfi, hoton ƙaramar sensa yakan fito da dishi-dishi kamar an watsa masa tsaki, ga fuskoki sun dagule.

Kada mu ɗauka cewa kowace 'yar aljihu ce take da ƙaramar sensa. A 2012 Sony ya fito da RX100 mai sensar inci ɗaya, kuma tana shiga aljihun riga. Fujifilm X100, wadda ta shiga kasuwa a 2011, da Ricoh GR III ta 2019, suna ɗauke da APS-C, watau irin wadda ke cikin kyamarori marasa madubi da yawa. Sai dai waɗannan biyun na ƙarshe gilashinsu ba ya jawo abu na nesa, kuma kuɗinsu yakan kai ko ya wuce na ƙaramar maras madubi. A ɗaya gefen kuma akwai irin su Nikon P1000 ta 2018, wadda gilashinta ke jawo abu har ninki 125, amma sensarta ƙarama ce, jikinta kuwa ya fi ƙarfin kowane aljihu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba a ƙera kyamarar da ta haɗa ƙanƙanta da babbar sensa da dogon gilashi da araha duka a wuri ɗaya ba.

Akwai kuma wata abokiyar takara wadda kowannenmu ya shigo da ita ɗakin nan a aljihu, watau wayar hannu. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori fiye da miliyan 120, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, kuma 'yan aljihu masu araha ne suka fi shan wannan kaye. Dalili kuwa a fili yake: sensar waya mai kyau ta kai tasu, wani lokaci ma ta fi. Don haka wanda zai sayi 'yar aljihu ya fara tambayar kansa, me za ta yi mini wanda wayata ba ta yi? Idan tana da sensar inci ɗaya ko fiye, ko gilashi mai jawo nesa na gaskiya, ko jiki mai jure ruwa da faɗuwa, to da amfani. In babu ko ɗaya, ya riƙe kuɗinsa.

Yanzu sai mu juyo kan maras madubi, wadda zukatan yawancinmu suka fi karkata gare ta. Ko shakka babu ta fi iya aiki. Wanda yake so ya kama mahayi a sukuwa ranar hawan Sallah, ko ɗan wasa a guje, ko fuskar baƙo mai jawabi daga ƙarshen ɗaki, yana bukatar kyamara mai saurin saita gani da gilashin da ya dace da wurin, kuma ita ce ke ba da wannan. Amma wanda ya sayi doki bai gama kashe kuɗi ba, da sauran sirdi da linzami da harawa. Gilashin da ake haɗo ta da shi a kwali na matsakaicin aiki ne; mai kyau na ɗaukar dare ko na nesa yakan kai kuɗin jikin kyamarar kanta. Bugu da ƙari, yawancin kamfanoni kowanne da irin bakin da gilashinsa ke shiga, na Canon ba ya hawa jikin Fujifilm kai tsaye, ta yadda wanda ya tara gilasai uku na gida ɗaya ya ɗaure kansa ga wannan gida. Gidan kuma yana iya rushe ɗakin da muka shiga: Nikon ya fito da jerin kyamarori masu suna Nikon 1 a 2011, ya daina ƙera su a 2018. Duk wanda aka yi wa tayin irin wannan da araha a kasuwar kayan hannu, ya tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sauran abubuwa biyu sun shafi yanayin da muke zaune ciki. Na farko ƙura. A yawancin marasa madubi, da an cire gilashi sensa tana nan a buɗe, babu abin da ya tsare ta, kuma mun san yadda iska take a lokacin hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a kanta za ta riƙa fitowa a kowane hoto kamar tabo, sharewa kuwa sai da kayan aiki da natsuwa. 'Yar aljihu ta fi tsira daga wannan, ko da yake in ƙura ta samu shiga cikinta sai an kwance ta. Na biyu batir. Tun da sikirin da sensa suna aiki muddin kyamara tana kunne, batir ɗaya ba ya wuce 'yan ɗaruruwan hotuna, ga wutar lantarki ba ta da tabbas. Wanda ya sayi kowacce daga cikinsu ya sa kuɗin batir na biyu a lissafi tun farko.

To, ina muka tsaya? Ra'ayinmu shi ne aiki ne zai zaɓa mana. Ƙungiya irin tamu, wadda ke ɗaukar taruka da wasanni da bukukuwan yaye ɗalibai domin bugawa, ta haɗa kuɗi ta sayi maras madubi guda mai APS-C, da gilashi biyu, ta damƙa ta ga mutum ɗaya mai amana, a rubuta wanda ya ara da ranar da ya mayar. Haka kuma wanda ya yi niyyar ya mayar da hoto sana'a, ya fara da ta hannu mai lafiya, ya haska fitila cikin gilashinta ya duba ko akwai fumfuna, ya tambayi adadin hotunan da ta riga ta ɗauka. Amma malamin gona ko jami'in lafiya da ake turawa rangadi ƙauyuka a kan babur, wanda bukatarsa ita ce ya kawo shaidar abin da ya gani, 'yar aljihu mai sensar inci ɗaya ta ishe shi, domin kullum tana tare da shi. Mun sha ganin babbar kyamara da aka ci bashi aka saya domin a ce wane ma yana da ita, bayan wata uku nauyinta ya ishi mai ita, ta koma ƙasan akwati, kuma duk abin da ya faru a gabansa tun daga ranar ya wuce ba hoto.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar hannu ta dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kusa kilo huɗu, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Mafi ƙanƙantar abin da muke rainawa yau ya fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi tsayawa inda haske yake, mu nemi izinin mutum kafin mu ɗauke shi, mu kuma rubuta suna da rana a kan abin da muka ɗauka, domin waɗanda za su zo bayanmu su san ko su wane ne suka zauna a wannan ɗaki. Allah Ya sa mu dace.