Wa Za Mu Damƙa Wa Amanar Unguwa? Jawabin Kwamitin Dattawa a Taron Zaɓen Shehunan Unguwanni

Iyayenmu maza da mata, ƙannenmu da 'ya'yanmu, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Mun tara ku ne saboda kowace unguwa ta sansanin nan za ta fitar da shehunta. Wanda kuka zaɓa shi zai riƙe takardar sunayenku, shi zai tsaya a wurin rabon abinci, shi zai kai kukanku ga ma'aikatan hukuma. Idan sunan gida ya faɗi daga takarda, tukunyar gidan ce za ta kwana a kife. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce.

Mu tuna, wannan ba ita ce hijirarmu ta fari ba. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, ya ci gaba da tafiya da su har bakin kogin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa, Mai Wurno, har yau sunansa yake ɗauke da shi. Bayansu masu niyyar aikin hajji suka yi ta zuwa a ƙasa, da yawa suka zauna, suka yi gonaki, suka cire audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Su ne kakannin da yawa daga cikinmu.

Me ya sa mutane suka bi Mai Wurno? A ranar Burmi gadon sarauta ya riga ya kuɓuce, ba taska, ba rundunar nasara. Amma ƙurar da suka sha ita ya sha, kuma da aka isa, ya nema musu wurin zama da wurin noma. Jama'a ba su gajiya da bin wanda ke cikin wahalarsu.

Mu ma tun da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, mun ga irin waɗannan mutane a hanya. Mun ga matan da suka ɗora tukunyar takiyya suka ciyar da wanda ba su sani ba. Mun ga samarin da suka goya tsofaffi. Ba wanda ya naɗa musu rawani. Irinsu za ku duba.

Kafin ku ɗaga wa mutum hannu, ku tambayi kanku. Yana shiga layin ruwa kamar kowa? Ya san tantin gwauruwa da na mai naƙasa ba tare da an nuna masa ba? Zai yarda a karanta takardar sunaye a bainar jama'a? Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, yana cewa zai je ya tambayo, ko yana yin alkawarin iska? Zai rubuta maƙwabcin da ba Bahaushe ba kamar yadda zai rubuta ɗan'uwansa? Wanda ya ga rikicin Damazin da Rusairis a 2022 ya san abin da rabuwar kai ke jawowa.

Ku sani, rajista da kayan agaji kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko rabon hatsi, ko wata alfarma daga mace kafin ya rubuta suna, ya ci amana. Ku kai ƙararsa ga ma'aikatan hukuma, ba kunya a ciki.

Iyayenmu mata, ku fito ku yi zaɓe, ku kuma tsaya takara. Ku kuka fi sanin gidan da bai hura wuta ba.

Ku kuma da za a zaɓa, Hausawa sun ce babba juji ne. Za a zo muku da kuka da tsakar dare, za a zarge ku a kan abin da ba ku yi ba. Wanda ba zai iya haƙuri ba, ya faɗa tun yanzu, ba laifi ba ne.

Allah ya ba mu masu riƙon amana, ya mayar da mu gonakinmu lafiya. Wassalamu alaikum.