Kafaffen Noti: Nau'o'insa da Fa'idarsa a Aikin Fallen Ƙarfe



Duk wanda ya taɓa aiki da fallen ƙarfe mara kauri ya san mushkilar da wannan takarda ta ƙunsa, domin kuwa bol mai awon M6, wanda tazarar haƙoransa milimita 1 ce, idan aka ɗaura shi kai tsaye a jikin falle mai kaurin milimita 1, haƙori guda kaɗai zai kama, alhali notinsa na asali, mai tsawon kimanin milimita 5, yana ba shi haƙora kusan biyar. Da zarar an matsa, sai haƙorin ya cinye. Idan kuwa aka koma ga noti sake, wajibi ne hannu ko sifana su isa bayan fallen, abin da ba ya yiwuwa a cikin rufaffen akwati ko bututu. Maganin da masana suka samo shi ne a kafa notin a jikin fallen tun da fari, ya zauna daram ko da an zare bol ɗinsa.

Nau'i na farko shi ne noti mai matsewa, wanda aka yi da ƙarfen sifirin, yana cizon bakin falle. Albert Tinnerman na birnin Cleveland a Amurka ya ƙago shi a 1923, saboda jikin murhunan da yake ƙerawa yana tsagewa idan an ɗaure shi tamau, kuma har yau shi ne ke riƙe da yawa daga sassan cikin mota. Na biyu shi ne noti mai keji, wanda ke zaune a cikin ɗan kejin ƙarfe yana ɗan motsi, ta yadda ko huji ya kauce kaɗan bol zai same shi. Da shi ake ɗaura na'urorin sadarwa a kabad mai faɗin inci 19, kuma idan haƙorinsa ya lalace, cire shi ake yi a sa sabo.

Na uku, wanda a ganina ya fi cancantar kulawar maƙeranmu, shi ne noti mai kamun ribit, wanda kamfanin BFGoodrich ya fito da shi cikin shekarun 1930 don manna robar hana ƙanƙara a fikafikan jiragen sama. Ana zura shi a huji daga gefe guda, sannan a ja shi da na'urarsa har jikinsa ya tattare a bayan fallen ya riƙe shi gam, ba tare da hannu ya shiga ciki ba. Na huɗu shi ne wanda ake dannawa da injin matsi har naman fallen ya kwarara cikin tsagin wuyansa, fasahar da kamfanin PennEngineering, wanda aka kafa a 1942, ya shahara da ita. Sharaɗinsa shi ne notin ya fi fallen tauri, kuma guduma ba ta wadatar da shi. Na biyar shi ne na walda, mai ƙarfi ƙwarai, illa dai zafin wuta yana tanƙwara falle, yana kuma ƙone fenti da rufin da ke kare shi daga tsatsa.

Hukuncin zaɓi a tsakaninsu ya rataya ne a kan mas'aloli uku: kaurin fallen, samun hanyar isa bayansa, da yawan kwancewa da za a riƙa yi. A ƙara da cewa notin baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, idan danshi ya ratsa tsakaninsu, yana jawo zaizayewa.

Shawarata ga makarantun koyon sana'a ita ce su shigar da wannan babi cikin manhajarsu, domin mai haɗa akwatin lantarki ko akwatin batiran sola, wanda ya saba liƙe komai da walda, yana barin mai gyara ba shi da mafita sai yanka, alhali aikin da aka yi da amana shi ne wanda za a kwance, a gyara, a mayar da shi yadda yake.