Tsarabar Yakubu

(Jawabin da aka watsa ta rediyo cikin shirin sujada ta safe, ana saura mako guda Kirsimati. Karatu: Farawa 32:3-32 da 33:1-11.)

 

Ga shi Disamba ta yi nisa, hunturu ya sauko, tashoshin mota sun cika maƙil. A wannan sa'a da nake magana, akwai 'ya'yanmu a Ingila da Amurka da Kanada da suke durƙushe gaban akwati, suna ɗora shi a kan ma'auni suna saukewa, don kada ya wuce kilo 23 da aka yarda musu. A cire takalmin ƙane a sa zanen Mama, a cire zanen a sa maganin Baba. Su nake so in yi wa magana yau, da kuma mu da muke gida muna jiransu.

Cikin karatunmu mun sadu da wani mutum mai komawa gida daga ƙasar waje, wato Yakubu. Kun tuna yadda ya bar gida. Ya cuci wansa Isuwa, ya karɓe albarkar da ta kamata ta zama tasa, Isuwa kuwa ya ƙudura zai kashe shi. Sai uwarsu Rifkatu ta ce ya gudu wurin ɗan'uwanta Laban a Haran, ya yi 'yan kwanaki har fushin wansa ya huce. Haran tana kudancin ƙasar Turkiyya ta yau. 'Yan kwanakin nan suka zama shekara 20, Littafi Mai Tsarki kuwa bai faɗa mana uwa da ɗa sun sāke ganin juna ba. Mu nawa ne muka raka ɗa filin jirgin sama yana cewa shekara biyu kawai zai yi?

A can Yakubu ya sha wuya. Ya yi kiwo shekara 14 saboda matansa, shekara 6 kuma saboda garke. Rana ta ƙona shi, sanyin dare ya kama shi, barci ya ƙaurace masa, maigidansa kuma ya sauya masa lada har sau goma. Duk da haka Allah ya sa masa albarka. Da sanda kaɗai ya haye Urdun, yanzu ga shi yana dawowa da jama'a ƙungiya biyu.

Da ya kusa gida sai aka kawo masa labari Isuwa na zuwa taryarsa da mutum 400. Tsoro ya kama shi, ya shiga shirya tsaraba. Ku ƙirga tare da ni: awaki 200, bunsuru 20, tumaki 200, raguna 20, raƙuma masu shayarwa 30, shanu 40, bijimai 10, jakai mata 20, jakai maza 10. Dabba 550 ke nan, ban da 'ya'yan raƙuman. Ya raba su garke garke, ya tura su gaba, da nufin kyautar ta sanyaya zuciyar wansa kafin su haɗa ido. Shi kuwa ya tsaya baya a bakin rafin Yabbok, wanda ake kira Zarka a ƙasar Jodan yau. Ya haye da matansa da 'ya'yansa da dukan abin da ya mallaka, ya rage shi kaɗai cikin duhu.

'Yan'uwa, bari in ajiye Yakubu a bakin rafin nan tukuna, in ba ku labarin gidanmu.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a arewacin Ingila. Ya tafi a 2018 da alkawarin zai riƙa zuwa kowace Kirsimati. A 2020 mahaifinmu ya rasu, a daidai lokacin da aka rufe filayen jiragen sama na ƙasarmu ga jiragen ƙasashen waje saboda annobar korona, daga Maris har zuwa Satumba. Ta waya Auta ya kalli jana'izar ubansa. A Disamba 2021 ya sayi tikiti, sai gwamnatin Birtaniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da duk wanda ya fito daga cikinsu za a killace shi kwana 10 a otal, ya kuma biya fam 2,285 daga aljihunsa. Ya fasa tafiyar. Ranar 15 ga watan aka janye dokar, amma an riga an ba wani hutunsa.

Ranar da ya kira ya gaya mini, na faɗa masa wata magana da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Kuɗinka sun iso, amma kuɗi ba su ɗaukar makara." Ya yi shiru, ya kashe wayar. Daga nan kusan shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce layi ɗaya ba. Ni fasto ne, kowace Lahadi ina wa'azin gafara, ga shi ni da ƙanena ba ma magana.

A Disamba 2023 ya sami hutun kwana 14. Jirgin da ke tashi daga Landan kai tsaye zuwa Abuja ba ya wuce awa bakwai, amma a watan Disamba kuɗinsa ba ya taɓuwa. Don haka ya sayi tikiti mai sauƙi, wanda za a sauya jirgi a wata ƙasa. Jirgin fari ya yi lattin awa uku, kafin su sauka na biyu ya tashi. Aka ce sai gobe. Ya kwana a kan kujerar ƙarfe, cajin wayarsa ya ƙare, abin cajin kuwa yana cikin akwati. Kashegari da ya sauka Abuja ya tsaya yana kallon kayan mutane suna fitowa har wurin ya watse. Akwatunansa biyu ba su zo ba. Aka ba shi takarda ya cika, aka ce ya dawo bayan kwana uku, wataƙila. Ya nufi jirgin Gombe, aka ce hazo ya rufe, babu tashi.

Sai ya kira ni. Ya ce, "Yaya, zan zauna a Abuja har kayan su zo. Shekara biyar ban zo ba, yaya zan shiga gida hannu wofi?" Ban san abin da zan ce masa ba, sai na miƙa wa Mama wayar. Tsohuwar nan ba ta yi makaranta ba, amma a ranar ta fi ni tauhidi. Ta ce, "Auta, akwati na haifa ko kai? Shiga mota."

Ya shiga mota. Keffi, Akwanga, Jos, Bauci, ga shingen bincike, ga ramuka, ga faci sau biyu. Sai wajen ƙarfe goma na dare suka iso tashar Gombe, inda nake jiransa.

Yanzu mu koma wurin Yakubu. A daren nan wani ya kama kokawa da shi har gari ya kusa wayewa. Ya taɓa kwatangwalonsa ya gurɗe, amma Yakubu ya riƙe shi kam, ya ƙi sakinsa sai ya sa masa albarka. Sai aka tambaye shi sunansa. Ku lura da wannan tambaya. Shekara 20 da suka wuce mahaifinsa Ishaku, da idanunsa suka dushe, ya tambaye shi ko shi wane ne, ya yi ƙarya ya ce shi Isuwa ne. A daren nan ya faɗi gaskiya, aka kuwa ba shi sabon suna, Isra'ila. Ya kira wurin Feniyel, domin ya ga Allah ido da ido bai mutu ba. Rana ta fito yana ɗingishi.

Da ya hango Isuwa bai ƙara ɓuya a bayan kowa ba. Ya wuce gaban iyalinsa, ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa ya sheƙo da gudu, ya rungume shi, ya sumbace shi, suka yi ta kuka. Sai daga baya ya tambayi dalilin garkunan da ya tarar a hanya, ya ce yana da abin da ya ishe shi. Sai da Yakubu ya matsa masa kafin ya karɓa. Yakubu kuwa ya kwatanta ganin fuskar wansa da ganin fuskar Allah.

Bayan kwana biyu da isowar Auta, muna zaune kusa da kabarin Baba, ya gaya mini abin da ya same shi a kan kujerar ƙarfen nan. Ya ce shekara biyar bai taɓa zama haka ba, ba aiki, ba waya, ba wanda ya san shi. Da fari ya yi ta fushi da ma'aikatan jirgi. Can cikin dare sai ya tambayi kansa don me ya sayo mini kwat mai tsada da agogo. Ya ce, "Yaya, don in rufe maka baki na saya. Ina so ka ga kuɗin da ka raina." A nan ya sunkuya ya yi addu'a, abin da ya daɗe bai yi da gaske ba.

Ni ma sai na faɗa masa nawa. Isuwa ya zo da mutum 400, ni kuwa na je tasha da maganganu 400 a cikina, na tsara su tun daga gida. Da na gan shi ya sauko daga mota, ƙura har gira, 'yar jaka ɗaya a bayansa, ya rame, tafiyarsa irin ta Baba sak, sai dukansu suka gudu. Na roƙe shi gafara a tsakiyar tasha, 'yan kamasho suna kallonmu. Akwati ɗaya ya iso ana saura kwana uku ya koma. Ɗayan sai da ya tafi aka kawo.

Abu uku nake so mu riƙe.

Na fari, ga ku matafiya. Jinkiri a hanya bai fita daga hannun Allah ba. Ban ce kowane latti daga wurinsa yake ba, wani sakacin mutane ne, daidai ne kuma ka nemi hakkinka. Amma ka nema da hankali. Yarinyar da ke bayan tebur ba ita ta kawo hazo ba, ita ma tana da uwa mai jiranta. Kada ka matsa wa direba ya yi gudu ko ya bi dare don ka rama lokacin da ka ɓata. Gara ka isa gobe da a kai gawarka yau. In kuwa an zaunar da kai awa goma, ka tambayi Ubangiji ko akwai maganar da ya daɗe yana so ya yi da kai, aiki ya hana ka ji.

Na biyu, ka binciki abin da ke cikin zuciyarka kamar yadda ake binciken akwatinka. Tsaraba abu ne mai kyau, alama ce ta ƙauna. Amma akwai tsarabar tsoro, akwai ta fariya, akwai kuma wadda ake bayarwa don a guje wa cewa "ka yi haƙuri, na yi laifi." Kada ka ci bashi don a ce ka zo da kaya. Kada ka shekara biyar ba ka zo ba don abin hannunka bai kai yadda kake so ba. Tsofaffinmu ba za su jira mu har abada ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Na uku, ga mu na gida. Mutum ya kwana biyu a hanya, bai ko sha ruwa ba mun jera masa bukatu: kuɗin makaranta, rufin ɗaki, gudummawar ginin majami'a. Mu fastoci ma ba mu kuɓuta daga wannan laifi ba. Fam ɗin da muke lissafawa da naira, da aikin dare aka samo shi, cikin sanyi da kaɗaici, kamar yadda Yakubu ya yi kiwon garken Laban. Yawancinsu ba sa gaya mana don kada hankalinmu ya tashi. Mu bar shi ya yi barci. Mu dafa masa tuwo da miyar kuka da ya daɗe yana marmari. Mu tambaye shi lafiyarsa, da inda yake sujada, da wanda yake duba shi in ya yi ciwo. Kada ya koma yana jin aljihunsa aka tara, shi kuwa ba a gan shi ba.

'Yan'uwa, Kirsimati da muke shirin yi ita ma labarin tafiya ce. Umarnin Kaisar Augustas ya tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiyar fiye da kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami, ga ta da tsohon ciki, da suka isa kuma ba su sami masauki ba. Cikin wannan wahala Mai Ceto ya shigo duniya. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta fari, ta tuna mana cewa tun dā Allah ya yi ta aiko da saƙo ta bakin annabawa, a ƙarshe kuwa ya yi mana magana ta wurin Ɗansa. Ya zo da kansa, a cikin komin dabbobi aka kwantar da shi.

In kuma akwai mai saurarona da ya yi nisa da Allah, yana cewa sai ya gyara halinsa, sai ya tara abin kirki tukuna ya dawo, ka ji maganar tsohuwar nan. Kai ake jira. Ka taso yadda kake.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allah, Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, muna danƙa maka dukan waɗanda suke kan hanya a wannan wata, a sama da ƙasa. Ka tsare su daga hatsari da mugayen mutane. Ka ba direbobi da matuƙan jirgi natsuwa. Ka ba masu jira haƙuri. Waɗanda ba su sami zuwa bana ba, ka ta'azantar da su a inda suke. Inda akwai wa da ƙane da ba sa magana, ka sadu da kowannensu kafin su sadu da juna. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.