JAMI'A DA MANOMIN ƘAUYE

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa jama'ar ƙasar Ɗambatta



Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne in yi muku bayani a kan wata dukiya da ke kusa da ku, wadda yawancinmu ba mu ci moriyarta ba tukuna. Watau laccoci da nune-nune da tarurrukan da manyan makarantun ƙasar nan su ke shiryawa domin jama'a duka. Mutane da yawa suna zaton jami'a gidan ɗalibai ne kaɗai, wanda ba shi da takardar shaida ba shi da abin yi a can. Wannan zato kuskure ne. Da dukiyar jama'a aka gina waɗannan makarantu, da ita kuma a ke biyan malamansu, saboda haka manomi yana da haƙƙi a cikinsu kamar kowa.

Bari in fara da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda tsakaninta da mu bai wuce kamar mil 40 ba. Asalinta Kwalejin Ahmadu Bello ce, wadda aka buɗe a 1960 cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Sa'ad da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sake wa kwalejin suna, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero. A 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Yanzu tana da tsohon mazauni kusa da Kabuga, da sabon mazauni a kan hanyar Gwarzo.

Abubuwan da a ke buɗe wa jama'a ƙofa a kansu iri uku ne. Na farko, lacca. Al'adar jami'a ce idan malami ya kai matsayin farfesa, ya kan tsaya gaban taro ya bayyana abin da ya gano cikin shekarun da ya yi yana bincike, ko a kan noma, ko lafiya, ko shari'a, ko harshe. Ba a biyan kuɗin shiga. Har wa yau akwai Gidan Mambayya a unguwar Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Gidan yana hannun jami'ar, ta mai da shi cibiyar nazarin mulkin jama'a, kuma kowace shekara a kan yi lacca a can don tunawa da shi. Wanda ya je zai ga ɗakin Malam da kayayyakinsa, yadda aka adana su.

Na biyu, nunin amfanin gona, wanda ya fi shafarmu mu mutanen karkara. A 2012 Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, kuma ƙasarmu ta arewacin Kano tana cikin irin ƙasashen da a ke nufi. A Samaru ta Zariya kuwa, tun 1922 a ke gwajin iri, yau wurin yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can ne aka fito da irin gyaɗa da dawa da masara da wake masu saurin nuna, waɗanda su ke isa girbi ko da damina ta gajarta. A 2019 hukuma ta amince da wani irin wake nasu mai suna SAMPEA 20-T, wanda ya ke jure wa tsutsar nan mai huda kwanso. Waɗannan wurare su kan sa ranar manoma, a zaga da mutane cikin gonakin gwaji, a nuna musu tsohon iri gefe guda, sabo gefe guda. Gani ya kori ji.

Ga misali guda na amfanin irin wannan nuni. Kowa a nan ya san yadda ƙwari su ke mai da wake gari cikin rumbu kafin bazara, abin da ke tilasta wa manomi ya sayar da kaka, lokacin da kasuwa ta faɗi. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, har da na Maraɗi, sun fito da buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. In aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. Tun 2007 aka shiga yaɗa wannan dabara, kuma ta hanyar nuni a kasuwanni da ƙauyuka ta yaɗu, inda a ke buɗe buhun bayan watanni jama'a su duba da idonsu.

Na uku, tarurrukan harshe da al'ada. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ita ce ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Kalmomin da ke cikinsa daga bakin iyayenmu aka samo su, dattijon da ya san sunayen itatuwa da tarihin garinsa malami ne a wurin waɗannan masana.

Na san wani zai ce, ai da Turanci a ke yin laccocin nan. Gaskiya ne, da yawa daga cikinsu haka su ke. Amma ranar manoma da Hausa a kan yi bayani, don manoma aka shirya ta. Inda kuwa Turanci ne, sai ƙauye ya tura malamin makaranta ko wani ɗansa mai ilmi, ya saurara, ya komo ya bayyana wa jama'a a ƙofar gidan dagaci. Wani kuma zai ce kuɗin mota. To, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a nan ƙasar Ɗambatta, wadda aka kafa a 2002, kusa da madatsar ruwa ta Tomas. Ita ce ƙofarmu ta farko, kuma malamanta sun san malaman Kano da na Samaru.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku. Kowane dagaci ya nemi malamin gona na hukumar KNARDA ya riƙa sanar da shi ranakun nuni tun da wuri. Ƙungiyoyin manoma da na mata su yi karo-karo su tura wakilai biyu ko uku. Wanda zai tafi kada ya tafi hannu sake, ya riƙe ganyen da ya yi ciwo, ko zangarniyar da ƙuduji ya kashe, ya nuna, ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Masanin ma yana bukatar jin abin da ke damun gonarku, in ba ku faɗa ba, bincikensa zai bi wata hanya dabam. Ku tafi da yara maza da mata in da hali, domin yaron da ya taɓa shiga jami'a ya ga irin aikin da a ke yi, ba ya sake ganin ta fi ƙarfinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana ilmi mai amfani.