Ƙuri'a A Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa



An ba ni minti kaɗan in yi bayani kan yadda kwamfuta ke jefa ƙuri'a. Matsalar ita ce, wannan na'ura ba ta san canki-canka ba. Abin da aka umarce ta shi take yi, kamar ɗan aji ɗaya a gaban firifet. To yaya za ta fitar da lambar da babu wanda ya san da zuwanta?

Dabara ake yi mata. Malamanmu na lissafi su gafarce ni in taɓa allonsu. A shekarun 1940 John von Neumann ya kawo wata hanya: ɗauki 1234, ninka ta da kanta, ka sami 01522756, ka ciro huɗun tsakiya, wato 5227. Maimaita da ita, sai 3215 ta fito. Mai kallo zai ce haka kawai suke faɗowa, alhali duk wanda ya san lambar farko, wadda ake kira iri, ya san duk abin da zai biyo baya. Shi ya sa a harshen BASIC, in ka kira RND ba ka sa RANDOMIZE ba, jerin jiya shi ne na yau. Python tana amfani da Mersenne Twister na 1997, wanda ya fi wancan nesa ba kusa ba, amma shi ma daga iri yake tsiro.

Kada a ɗauka wasa ne. A 1995 ɗalibai biyu a Jami'ar Berkeley suka gano cewa Netscape na haɗa irinsa daga agogo da lambobin da ake iya cankowa, suka buɗe makullinsa. A 2011 kuma Amurka ta soke sakamakon ƙuri'ar bizarta, wadda 'yan Nijeriya ma ke shiga a lokacin, saboda kuskuren shirin ya sa fiye da kashi 90 cikin ɗari na zaɓaɓɓu sun fito daga waɗanda suka yi rajista a kwana biyun farko. Kimanin mutum 22,000 sun riga sun ga sunayensu, aka ce musu babu.

Don haka, ku da ke raba filaye ko guraben karatu ta ƙuri'ar kwamfuta a ofisoshinku, ku tambayi mai rubuta shirin daga ina irinsa ya fito. In Python yake amfani da ita, a ganina ya bar random ya ɗauki secrets.