Gindin Teku A Kan Tsauni

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin bana, sai da na kwana biyu ina tunanin abin da zan faɗa. A cikinmu akwai likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne da ke yini cikin taswirori da guntayen duwatsu a sashen ma'adinai. Daga baya na ga akwai bashin da ake bi na tun muna aji huɗu, kuma babu wurin da ya fi dacewa in biya shi kamar nan.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya ce a ƙololuwar tsaunin Everest akwai burbushin halittun teku, kuma a wasu ƙasashe mutum kan taka gindin teku da ƙafarsa ba tare da ya jiƙe ba. Ajin ya kwashe da dariya, ni ne kuma na ɗaga hannu na ce, "Malam, to kifin da jirgin sama ya hau?" Na sha noman ciyawa a bayan ɗakin gwaje-gwaje saboda wannan magana. Malam yana zaune a nan gabanmu yau. Malam, na je na gani da idona, gaskiyarka ce, ina neman gafara.

Bari in fara daga tushe. Ɓawon duniya iri biyu ne. Akwai na tudu, wanda muke zaune a kansa, kaurinsa yakan kai kilomita 30 zuwa 40, a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya ma har wajen 70. Akwai kuma na gindin teku, wanda bai fi kilomita 6 ko 7 ba, amma ya fi na tudu nauyi domin baƙin dutse ne mai yawan ƙarfe. Ɓawon nan ba a haɗe yake ba, a tsattsage yake kamar ɓawon dafaffen ƙwai, kuma kowane ɓangare yana tafiya a hankali. Tekun Atlantika, alal misali, yana ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 5 a shekara, kimanin yadda farcen mutum yake tsiro.

A tsakiyar manyan tekuna akwai dogon jerin tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, inda narkakken dutse ke ɓulɓulowa yana daskarewa, yana zama sabon ɓawo. A wasu gefunan kuma tsohon ɓawo, da yake ya huce ya yi nauyi, yakan sunkuya ya nutse ƙarƙashin maƙwabcinsa ya koma cikin ƙasa. Shi ya sa da wuya a sami gindin tekun da ya wuce shekaru miliyan 200, alhali duniya kanta ta kai shekaru biliyan 4.5. Bajamushen nan Alfred Wegener ya faɗi cewa nahiyoyi na tafiya tun a 1912, aka yi masa irin dariyar da muka yi wa Malam, har ya mutu a Girinlan a 1930 ba a yarda da shi ba. Sai bayan 1960, da aka auna gindin teku sosai, sannan hujja ta tabbata.

To, ina labarin teku a kan tsauni ya shigo? Idan nahiyoyi biyu suka doshi juna, tekun da ke tsakaninsu yakan yi ta ƙanƙancewa har ya rufe. Mafi yawan gindinsa yakan nutse ya ɓace, amma wani lokaci wani yanki yakan kuɓuce, a tunkuɗo shi saman gefen nahiya, kamar yadda ƙofa kan datse bakin riga a bar shi a waje. Wannan yanki shi ne masana ke kira ofiyolayit. Wani Bafaranshe mai suna Alexandre Brongniart ne ya raɗa sunan a 1813, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar maciji da dutse, saboda koren dutse mai santsi da ake samu a wurin yana kama da fatar maciji.

An daɗe ba a gane asalinsa ba. Gustav Steinmann, wanda ya yi aiki a tsaunukan Alps da na Italiya, ya lura cewa duwatsu uku kullum tare ake samunsu: koren dutsen nan, da dunƙulallen dutsen aman wuta, da wani jan dutse mai tauri da ya samu daga kwarangwal ɗin ƙananan halittun ruwa mai zurfi. A 1968 wani Bature ɗan Ingila, Ian Gass, ya fito ya ce tsaunukan Troodos na tsibirin Saifurus yankin gindin teku ne sukutum. A 1972 masana suka taru a Amurka suka daidaita a kan yadda za a gane irin waɗannan duwatsu. Binciken baya ya ƙara nuna cewa da yawa daga cikinsu ba a tsakiyar babban teku suka samu ba, a kusa da inda wani ɓawo ke nutsewa ne.

Aiki ya kai ni ƙasar Oman wani ɗan gajeren kwas, kuma a can ne gani ya kori ji. Duk wanda ya sauka Maskat zai ga baƙaƙen tsaunuka ƙurmus sun kewaye garin, babu ciyawar kirki a kansu. Suna cikin ofiyolayit na Samayil, wanda ya miƙe kimanin kilomita 500 a tsaunukan Hajar, daga Oman zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ya samu ne a gindin wani tsohon teku da ake kira Tetis, shekaru kimanin miliyan 95 da suka wuce, sannan aka tunkuɗo shi saman gefen ƙasar Larabawa. Da yake hamada ce, duwatsun a tsirara suke, mutum na iya bin su hawa-hawa kamar mai karanta littafi.

Hawa na sama shi ne jan dutsen nan na laka da kwarangwal. Ƙarƙashinsa sai dunƙulallun duwatsu masu kama da matasan kai da aka jibge. Mun gan su a Wadi Jizzi kusa da garin Sohar. Yadda suke samuwa shi ne, idan narkakken dutse ya fito cikin ruwa mai sanyi, nan take bayansa ya daskare ya yi curi, cikinsa na nan da zafi, sai ya fashe ya fitar da wani curin, kamar ana saka ɗanwake a tukunya. Ƙasa da su akwai duwatsu tsaye a jere kamar allunan da aka jingina a bango. Kowane allo shaida ce ta lokacin da gindin teku ya tsage, narkakken dutse ya cike tsagar. Sai hawa na huɗu, dutse mai manyan ƙwayoyi da ya huce a hankali can cikin ƙasa. Na ƙarshe kuwa ba ɓawo ba ne ma, dutsen cikin duniya ne da ke ƙarƙashin ɓawon.

Domin ku san darajar wannan, iyakar da ke tsakanin ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa, wani masanin girgizar ƙasa ɗan Kuroshiya, Andrija Mohorovicic, ya gano ta a 1909 ta hanyar sauraron motsin girgiza, shi ya sa ake kiranta Moho. Amurkawa sun fara haƙa daga jirgin ruwa a 1961 don su kai gare ta, suka watsar da aikin a 1966. Tarayyar Sobiyet ta haƙa rami a yankin Kola har zurfin mita 12,262 a 1989, ba ta kai ba. Ni kuwa, ɗan ajin nan naku mai surutu, na ɗora tafin hannuna a kan wannan iyaka a cikin wani kwari mai suna Wadi Abyad, da takalmin roba a ƙafata.

Wani zai ce, to mun ji, amma me wannan zai ƙara mana a tukunya? Amsar ita ce arziki da kuma lafiya. A 1979 aka gano wasu maɓuɓɓugai a gindin tekun Fasifik masu fitar da baƙin ruwa mai zafin kimanin digiri 350, ɗauke da narkakken ma'adini da ke taruwa a bakinsu. Jan ƙarfen da aka shekara dubbai ana haƙa a Saifurus irin wannan tarin ne, har ma sunan jan ƙarfe a harshen Latin daga sunan tsibirin ya samo asali. Haka ma Oman ta sayar wa mutanen tsohuwar Iraƙi jan ƙarfe fiye da shekaru 4,000 da suka wuce. A irin duwatsun nan ake samun kuromiyam da ake zubawa cikin ƙarfe don kada ya yi tsatsa. A Bou Azzer ta ƙasar Maroko ana haƙar kobal, wanda ke cikin batirin wayoyin da ke aljihunku. Akwai kuma wani sabon amfani. Dutsen hawa na ƙarshe yana shan iskar kabon da ke ɗumama duniya ya mayar da ita farin dutse. A Oman mun ga tafkuna masu shuɗin ruwa da farar ɓamɓara a samansu inda hakan ke faruwa, kuma tsakanin 2016 da 2018 masana daga ƙasashe da dama sun yi haƙa a can don su fahimci yadda abin yake.

Ta fuskar lafiya kuwa, koren dutsen nan mai kyan gani shi ne gidan asbesto. An haƙa shi a Amiyantos ta Saifurus daga 1904 zuwa 1988. Ƙurarsa idan ta shiga huhu tana jawo mummunar cuta da sankara, sau da yawa bayan shekaru 20 ko fiye. Da yawa daga cikin tsofaffin gine-ginen makarantu da gidajen gwamnati a ƙasar nan da asbesto aka yi rufinsu da silinsu. Ina roƙon kwamitin gyaran ajujuwa, kada a bar leburori su farfasa tsohon silin da guduma suna shaƙar ƙura. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci da baki, kada kuma yara su kusanci wurin.

Ba a nesa kaɗai labarin nan ya tsaya ba. A gefunan Bahar Maliya biyu, a Hijaz da gabashin Masar da arewa maso gabashin Sudan, akwai ofiyolayit da suka haura shekaru miliyan 700, alamar tekunan da suka rufe. A yammacinmu kuma, wani teku ya rufe kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, ya bar ɗinki daga Aljeriya ta cikin Mali har zuwa Benin da Togo da Gana. Zafin wannan karo ne ya narka dutse a ƙarƙashin ƙasarmu ya haifar da manyan duwatsu irin Kufena ta Zariya. Sai dai kada a rikita wannan da burbushin halittun ruwa da ake samu a yankin Wurno, ko farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Wancan ruwan teku ne marar zurfi da ya malalo kan tudu ya janye, ya bar laka. Ofiyolayit kuwa gindin tekun ne da kansa aka ɗago.

'Yan'uwa, a ofishinmu kusan kowane mako sai wani ya shigo da dutse ƙunshe a leda yana tambaya ko ya yi arziki. Wani dattijo ya taɓa zuwa da koren dutse bayan ya sayar da shanunsa biyu ya sayi ramin da aka ce masa zumurrudu ne a ciki. Ban ji daɗin gaya masa gaskiya ba. Mun kuma ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Baƙi na zuwa da taswira su san abin da ke ƙarƙashin gonakinmu, mu kuwa 'ya'yanmu na gudun darasin labarin ƙasa da kimiyya, suna ganin ba su kai mutum ko'ina.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Na farko, ƙungiya ta ware kuɗi kaɗan a sayi kabad da madubin hannu da taswirar duwatsun Nijeriya a ajiye a ɗakin gwaje-gwaje. Na zo da guntaye 24 daga cikin nawa, kowane da sunansa da inda aka samo shi, na kuma miƙa su ga Shugaban makaranta da safen nan. Na biyu, a riƙa fitar da 'yan aji biyar sau ɗaya a shekara zuwa dutse mafi kusa, ni zan ɗauki hutu in raka su. Idan wani yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar rainin wayo irin tawa, ina roƙon a sassauta masa noman ciyawar, a miƙa masa dutse ya juya shi a hannunsa.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.