WAYARKA ƘOFAR GIDANKA CE: KIRAN NA'URAR 'YAN SIYASA DA AMANAR LAMBOBIN JAMA'A

(Matanin jawabin da aka gabatar a zaman wata-wata na 'yan'uwa na Samaru da Sabon Gari, Zariya.)

   

Abin da za mu yi magana a kai yau wani al'amari ne da da yawanmu suka ɗauke shi ƙarami, alhali kuwa ya shafi hurumin gidajenmu da amanar da ke tsakaninmu. Shi ne wannan kira da yake shigowa wayoyinmu a duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, mutum ya ɗauka yana tsammanin ɗan'uwansa ne ko abokin cinikinsa, sai ya ji muryar ɗan takara da aka naɗa tana zuba alkawura. Ka yi sallama ba a amsa ba, ka yi tambaya ba a saurare ka ba, domin babu kowa a wancan gefen, na'ura ce kawai. Mun sha wannan a zaɓukan 2015 da 2019 da 2023, ga shi kuma an fara kaɗa gangar 2027.

To, yaya abin yake aiki? Ana naɗar muryar ɗan takara sau ɗaya, a ba kwamfuta jerin lambobi dubbai, ita kuma ta yi ta bugawa ba gajiya. Ba ta san cewa mai lambar nan yana jinyar mahaifiyarsa a asibitin koyarwa na Shika yana jiran kiran likita ba. Ba ta san wancan ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin aji ba, ko ɗan kasuwa ne a Sabon Gari da ya saki mai sayen kaya don ya amsa waya. Sa'annan na'urar tana iya ajiye bayanin wanda ya ɗauka da tsawon lokacin da ya saurara. In kuma aka ce ka danna ɗaya in kana goyon baya, ka danna biyu in ba ka yi, to ka sani da hannunka ka rubuta ra'ayinka a littafin mutanen da ba ka san su ba.

'Yan'uwa, kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ɗan siyasar da yake son ƙuri'ar mutanen Samaru sai ya tako da ƙafarsa, ya yi sallama a zaure, a ba shi tabarma, ya faɗi nasa a faɗa masa na jama'a: ruwan famfo, magudanar ruwa, makarantar yara. Ko ƙarya zai yi, sai ya yi ta yana kallon idon dattawa. Yanzu kuwa ya samu hanyar da zai yi magana da kowa ba tare da ya saurari kowa ba. Mu kuwa tarbiyyar da aka yi mana, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, ita ce ba a shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, in an ce a koma sai a koma, kuma Sunna ta iyakance neman izinin ga sau uku. Wayar da ke aljihun mutum, wadda take kwana a gefen shimfiɗarsa, ai ta fi zaure kusa da shi. Don me za a ce ita ba ta da hurumi?

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a ina suka samo lambobinmu? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sau nawa aka zagaya unguwanninmu da takarda ana cewa a rubuta suna da lamba za a kawo tallafi ko taki? Sau nawa aka karɓi jerin sunayen ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta masu Keke Napep, ko ta iyayen yara a Islamiyya, aka miƙa wa wani mai neman kujera don neman fada ko 'yan kuɗin shan ruwa? Duk wanda aka ba shi lamba domin wata buƙata, amana aka ba shi. In ya sayar da ita ko ya kyautar da ita ba da sanin mai ita ba, ya ci amana, ko da shi a ganinsa takarda ce kawai. Muna jawo hankalin sakatarorin ƙungiyoyi da shugabannin makarantu musamman a kan wannan.

Haɗarin kuma bai tsaya ga damun mutane ba. A ƙasar Kanada, a zaɓen 2011, an bugo wa masu zaɓe a garin Guelph irin wannan kira da sunan hukumar zaɓe, aka ce musu an sauya musu rumfa, alhali ƙarya ce. A 2014 kotu ta ɗaure wani ma'aikacin kamfe wata tara a kan haka. A Amurka, a watan Janairun 2024, an kira mutanen jihar New Hampshire da muryar da aka ƙirƙira da kwamfuta, mai kama da ta shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Hukumar sadarwar ƙasar ta yanka wa wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. To, in an iya kwaikwayon muryar shugaban Amurka, me zai hana gobe a kwaikwayi muryar wani malami da muke girmamawa, ko wani basarake, a sa masa maganar da bai faɗa ba a daren zaɓe? A gari irin namu, inda ƙabilu da addinai suke zaune tare a Sabon Gari da Samaru, ƙarya guda ɗaya ta wannan hanya tana iya jawo asarar rayuka.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Na farko, tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta samar da lamba 2442. Ka aika kalmar STOP zuwa gare ta kyauta domin a toshe maka tallace-tallacen da ba ka nema ba. Ba za ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin wasu suna bugowa da layuka irin na kowa, amma tana ragewa. Wanda yake da ƙorafi kuma akwai lamba 622. Matasa su taimaka wa iyaye da waɗanda ba su iya karatun boko ba. Na biyu, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa haƙƙin ya janye yardarsa, ya kuma ƙi a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa abu, an kuma kafa hukuma a kan haka. Na uku, kada ka rubuta lambarka ko ta iyalinka a takardar da ba ka san inda za ta ƙare ba. Na huɗu, in na'ura ta ce ka danna wani abu, kashe wayarka. Na biyar, duk muryar da ta zo maka da labarin sauya rumfa, ko ɗage zaɓe, ko tashin hankali a wata unguwa, kada ka yaɗa sai ka bincika, kamar yadda Suratul Hujurat ta hore mu. Ka tuntuɓi ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma, ko ka tambayi wanda aka jingina wa maganar.

Su kuma masu neman kujeru, muna gaya musu cewa wanda yake son ƙuri'armu ya zo da kansa ya yi sallama, ya zauna ya ji kukanmu. Wanda bai nemi izininmu wajen shiga wayarmu ba, da wuya ya nemi shawararmu in ya shiga ofis.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kare mu daga sharrin masu yaɗa ƙarya, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.